Idan 'Ya Ta Tuna wa Uba Abin da Ya Koya Mata

Tambaya: Malam, ni manomin doya ne a Obi, kuma dattijo a ikilisiyarmu. Shekara biyu ke nan ba ma ga-maciji da ƙanena saboda iyakar gonar gado. Ran Asabar da dare muna addu'ar iyali, sai 'yata mai shekara 14 ta ce, "Baba, gobe za ka ci Jibin Ubangiji alhali ba ka gaisawa da Baba Ƙarami?" A gaban uwarta da ƙannenta ta faɗa. Wannan ba rashin kunya ba ne? Wajibi ne in saurare ta?

Amsa: Salamar Ubangiji ta tabbata a gidanka, Dattijo. Abu biyu ne a nan: maganar da aka faɗa, da yadda aka faɗe ta.

Maganar dai gaskiya ce, kuma karɓarta wajibi ne a kanka. A Matiyu 5:23-24 Almasihu ya sa sulhu da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko a bagade. Wannan umarni ba ya raguwa don ya biyo ta bakin yarinya. Eli tsoho ne, babban firist, amma ta bakin yaro Sama'ila hukuncin gidansa ya iso masa, shi da kansa ya matsa wa yaron kada ya ɓoye kome (1 Sama'ila 3). Na'aman sarkin yaƙi ne, amma 'yar baiwar matarsa ce ta nuna masa inda zai rabu da kuturta (2 Sarakuna 5).

A ƙasarku ma ba baƙon abu ba ne. Da mishan ɗin SUM, wanda ikilisiyar ERCC ta tsiro daga aikinsa, ya zauna a Keana da Randa, yara ne suka riga iyaye iya karatu. Bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, a gidaje da yawa ɗa ne ke karantawa, uba na kasa kunne.

Sai yadda aka faɗa. Girmama iyaye doka ce (Fitowa 20:12), Bulus kuma ya hana Timoti tsawata wa tsoho, ya ce ya roƙe shi kamar mahaifi (1 Timoti 5:1). Da ta same ka kai kaɗai, ko ta bi ta wurin uwarta, da ya fi. Amma tambaya ta yi, da "Baba" ta fara, ba zagi ba gori. Wannan ƙarancin dabara ne na ƙuruciya, bai kai rashin kunya ba. Duka ko tsawa a kansa ya saɓa wa Afisawa 6:4, inda aka hana ubanni tsokanar 'ya'yansu.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Haka ne a kan iyakar gona: kai ka san inda kakanku ya tsaya da garma. Amma fushin da ya zauna maka a fuska, mai zama gabanka kullum ne ke ganinsa.

Saboda haka ka kira ta gefe, ka gode mata, sannan ka koya mata wurin da ake faɗin irin wannan magana. Kafin Jibi na gaba ka taka zuwa gidan ƙanenka da fasto ko dattijo guda, ka fara gaisuwa. Rabon gonar a kai shi gaban dattawan dangi da mai unguwa. Ran da za ka je, tafi da ita, ta riƙe maka goron gaisuwa.

Allah ya ba da ikon yi. Amin.