Fentin da ake yi wa gidan sayarwa

A unguwanninmu na wajen Ƙofar Dawanau, idan ka ga tsohon gida ya kwana da sabon fenti alhali ba biki ba salla, to magada ne suka shirya sayarwa. Dillalai ne ke ba da shawarar. "Alhaji, a ɗan wanke masa fuska, ido ke saye." Sai a aika yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo siminti da bokitin fenti, a sauya ƙyauren zaure da na ƙarfe, a yashe kwata, kafin Juma'a gida ya koma ango. Ni da ake yawan kirana in sa hannu a matsayin shaida, tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce: wannan kwaskwarimar ado ce ko ha'inci?

Wani ɗan yayana, cikin magadan wani gida, ya ce mini, "Baffa, ai Allah ma yana son kyau." Gaskiyarsa, hadisin yana cikin Muslim. Kuma Bakano bai taɓa ɗaukar gyaran fuskar gida abin kunya ba. Iyayenmu kowace shekara suna sabunta yaɓe bayan damina, a shafe bango da makuba, mai hali ya sa a yi masa laso, a tayar da zankwaye, a zana dagi a saman ƙofa. Wanda ya share ƙofar gida, ya gyara indararo, ya cire ciyawar da ta tsiro a kan soro don mai saye ya ji sha'awa, bai zalunci kowa ba. Aiki ya yi, kuma mai saye zai mori aikin.

Amma na ce masa ya zo mu zaga bayan gidan. A gindin bangon yamma, inda ruwan kwata ke kwanciya, na ƙwanƙwasa sabuwar filastar da ɗan makullina. Ta amsa kamar fanko. Duk magini ya san wannan ƙarar: siminti ba ya kama jar ƙasa, yana tsaye ne a gabanta kawai, laima tana shiga ta bayansa ba ta da hanyar fita, tubalin yana narkewa a ɓoye. Gidan da aka saya a watan Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau, sai ruwan Agusta ne zai faɗi gaskiyarsa. Kuma ba a banza dillali ya fi son cinikin rani ba.

Malamanmu ba su bar wannan a duhu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai kayan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya nesanta kansa daga mai algus. Ya kuma hana a ƙi tatsar tunkiya ko raƙuma don hantsarta ta cika a idon mai saye, ya ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayarwa. A lura, a duka biyun mai kayan bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Ya dai shirya abin da ido zai gani ne, ya bar idon ya yi masa ƙaryar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Muktasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan, ya yi maganar gida kai tsaye. Aibin gida hawa-hawa ne: akwai ƙarami da ba a kula shi, akwai matsakaici kamar tsagar bangon da ba a tsoron ta rushe gidan, wanda mai saye zai karɓi ragin kuɗi, akwai kuma babba da ke sa a mayar da gida. Sai ya ware bangon fuskar gida, ya nuna tsagarsa ta fi nauyi. Wato dai bangon da muka fi yi wa kwalliya shi ne wanda fiƙihu ya fi sa wa ido. Haka kuma a mazhabarmu bai isa mai sayarwa ya ce "na sayar maka yadda ka gan shi" ba. Aibin da ya sani sai ya faɗe shi dalla-dalla, ba a dunƙule ba.

Akan ce ai mai saye yana da ido, ya zo da magininsa mana. A kasuwar hatsi ta Dawanau ɗan kasuwa yana soka ƙarfe a cikin buhu ya ga abin da ke tsakiya kafin ya biya. Gida ba ya sokuwa. Mutum ne ya tara kuɗin sallamarsa daga aiki, ko bazawara ta haɗa gadon marayunta, su leƙa ɗakuna sau ɗaya ko biyu cikin kunya, don har yanzu akwai iyali a ciki. Wanda ya kwana shekara talatin a ƙarƙashin azarar nan shi ya san wadda gara ta cinye.

Don haka ma'aunina ɗaya ne, kuma ba sai an je gaban malami ba. Idan za ka iya tsayawa da mai saye a gaban bangon ka ce, "Nan akwai tsaga, mun cike ta bana, ga maginin da ya yi aikin," kuma fentin bai tashi a banza ba, to ado ne. Idan kuwa faɗin hakan zai ɓata dalilin da ya sa aka yi fentin, ɓoyewa aka yi, kuma ƙarin kuɗin da ya jawo ba halal ba ne, la'adar dillali ma ta shiga ciki.

Masu unguwanni da mu shaidu, roƙona gare mu: kafin a ce "Allah ya sa albarka", a ƙara layi biyu a takardar ciniki, a rubuta gyaran da aka yi da aibin da aka sani. Wanda ya ƙi a rubuta, kada mu sa masa hannu.