Ai Ka Gwada da Hannunka

Duk wanda ya taɓa mayar da mota inda ya saye ta ya san amsar da ke jiransa. Zai ce inji yana shan baƙin mai, ko giya tana zamewa idan ta ɗau zafi, sai mai motar ya ware hannuwa ya ce, "Haba Alhaji, ai ka gwada da hannunka kafin ka biya." A wurin mutane da yawa magana ta ƙare ke nan. Ni abin da ke damuna shi ne, me wannan gwajin yake sauke wa mai sayarwa a gaban Allah, me kuma ba ya sauke masa?

Gwada abin hawa kafin ciniki ya faɗa ba da mota ya zo mana ba. Wanda ya karanta Muhtasar na Shehu Halilu a zaure, littafin da malamin Masar ɗin nan ya rubuta a ƙarni na 14, zai tuna babin cinikin zaɓi. An ba mai sayen gida kamar wata guda ya yi nazari. An ba mai sayen dabba kamar kwana uku, in kuwa hawanta kawai yake son gwadawa, kamar yini guda. Har an halatta masa ya sa sharaɗin zai yi tafiyar baridi a kanta, wajen mil 12, wani malami, Ash'habu, ma ya yarda da ninkin haka. Malaman sun san dokin da ke ɓoye ɗingishi ba a bakin ƙofa yake nunawa ba, sai ya yi nisa ya yi gumi. A tsawon wannan wa'adin, idan dabbar ta mutu ba da sakacin mai saye ba, asarar ta mai ita ce, kuma ba a yarda a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin zaɓin ya ƙare ba.

Yau a filin sayar da motoci ba haka abin yake ba. A zuba ɗan fetur da bai kai ya kashe jar fitila ba, yaron gida ya zauna kusa da kai yana nuna maka hanya, "Bi nan, ranka ya daɗe, can akwai cunkoso," ku zaga shataletale ku dawo. Titin da ya zaɓa lafiyayye ne, babu gargadar da za ta tona asirin ƙafar mota. Ban ce duk mugunta ce ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ɗaya ma abin lissafi ce, kuma masu sayarwa suna tsoron wanda zai karɓi makulli ya ƙi dawowa. Amma wannan ɗan zagayen, ilimi nawa yake ba mutum?

Ina da kawu bakanike, shi nake ɗauka idan za a duba mota. Kafin ya ce uffan, tafin hannu yake ɗorawa a kan bonet. In ya ji ɗumi sai ya tambaya, "Wa ya tayar da ita kafin mu zo?" domin injin da ya gaji a tashin farko na safiya yake fitar da hayaƙinsa. Yakan murɗa makulli rabi ya tsaya yana kallon fitilun gaban direba. Idan ta inji ba ta kama ba ko sau ɗaya, ya san an cire ƙwanta. Yana bin ƙofofi da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike wurin an shafe da fenti. Yana ɗaga shimfiɗar ƙasa ya sunsuna, saboda cikin motocin hannu da ake kira Beljiyam akwai waɗanda ambaliya ta ci a Amurka aka yi gwanjonsu. Bayan duk wannan sai ya share hannu ya ce mini, "Ɗana, abin da na gani na faɗa maka. Cikin inji kuwa sai Allah sai mai ita."

Mai ita ɗin nan shi ne inda nauyi yake. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasu sukan bar akuya ko raƙuma kwanaki ba a tatsa ba, hantsarta ta cika ta yi tantsan, sannan su kai ta kasuwa. Mai saye ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Duk da haka Annabi ya hana wannan aiki, ya ba wanda aka yaudara damar mayar da dabbar bayan ya tatsa, ya haɗa da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. Ganinsa bai wanke mai sayarwa ba, tun da ganin kansa aka shirya. Wanda ya zuba wa inji baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara da hayaƙi na kwana biyu, ko ya juya mita ta koma baya, bai yi wani abu dabam ba. Shi ya sa malamai ba su yarda mutum ya ce ya barranta daga aibin da ya sani ya ɓoye ba.

Akwai kuma maganar da ake kwantar wa mai asara hankali da ita, wai sayen mota sa'a ne. Da gaskiya a ciki. Ƙarfe ne, zai iya tsinkewa gobe ba tare da kowa ya sani ba, kuma sau da yawa wanda ya ɗauko motar daga Kwatano ko Legas shi ma bai san tarihinta ba. Wannan ƙaddara ce, ana karɓarta da haƙuri. Abin da ba na iya jurewa shi ne a ɗauko ƙaddara a lulluɓe abin da mutum ya ƙulla da hannunsa, har wanda aka cuta ya riƙa jin kunyar neman haƙƙinsa, kamar mai jayayya da hukuncin Ubangiji.

Mai saye ma ba a sake shi ba. Makullin da aka miƙa masa amana ce. Wanda ba shi da niyyar saye ya je ya ƙone wa mutane mai, ko ya taka totur a kan ramuka don motar ba tasa ba ce, ya ci haƙƙi. Wanda kuma kunya ta hana shi gwadawa don an ce masa, "Ba ka yarda da ni ba ne?" ya bar abin da shari'a ta ba shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne dillali. Shi ne ya ga motar ranar da aka jawo ta, ya san bakaniken da ya buɗe injin, ya san dalilin da ya sa aka zaɓi wancan titin. Bai yi rantsuwa ba, bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, ya dai zauna a kujerar baya ya yi shiru har aka dawo, sannan ya karɓi la'ada daga ɓangarorin biyu. Mai saye ya biya shi ne don ya zame masa ido. Ina jin wa'azi a kan mai tauye mudu kusan kowane mako, ina kuma so in ji malamanmu sun hau mumbari sun yi magana a kan wannan shirun da kuɗin da ake ci da shi.