Maɗorin Garinmu da Haƙƙin Mamaci

Daminar da ta wuce Allah ya yi wa maɗorin garinmu rasuwa. Ina nan makaranta labari ya iske ni, saboda haka ban sami jana'iza ba, sai ran sadakar uku na isa gida. Na tarar zaure ya cika, har an shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar gida. In an shafa fatiha, sai kowa ya kawo tasa shaidar. Wannan ya ce shi ya ɗora masa cinya sa'ad da amalanke ya bi ta kansa. Wancan ya ce wata biyu ya yi kwance a wannan zauren, tuwo daga cikin gida safe da dare, da ya warke ya kawo kaza ɗaya, Baba ya karɓa ya sa albarka.

Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, ni ma shaida ne. Baba bai taɓa yanka wa majinyaci kuɗi ba. Marayun ƙanensa su huɗu shi ya riƙe su har ya aurar, ba ka iya bambanta su da 'ya'yan cikinsa. Ban taɓa jin muryarsa ta tsallake katanga ba. In an kawo masa yaro da targaɗe, sai ya yi ta jansa da hira, yana tambayarsa sunan akuyarsu, yaro bai ankara ba an ja an gyara.

To, amma a wurin nan akwai wani ɗan baffana, sa'ana, yana ta kai da kawowa da buta yana ba baƙi ruwan alwala. Da hannun hagu yake riƙon butar, domin na dama ya tsaya a gwiwa. Muna aji uku a firamare ya faɗo daga kan mangwaro ya karye. Baba ya jera kara, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tamau, ya yi tofi. Yaro ya kwana yana ihu, aka ce zafin ɗori ne, ya yi haƙuri. Ran kwana na uku yatsu suka yi baƙi. Da aka kai shi asibiti a birni, likita ya ce in ba a yanke ba ruɓar za ta hau jiki. Ran makokin nan babu wanda ya dubi wannan hannu, balle ya ambace shi. Ni ma ban ambata ba. Abin da ya hana ni barci tun daga ranar shi ne, shirun nan namu ladabi ne, ko kuwa cin amana?

Bari in fara da hujjar masu shiru, don ba ƙarama ba ce. Mamaci ba ya iya kare kansa. Addini da al'ada sun haɗu a kan a ambaci matattu da alheri, mu kuma muna cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Ban da wannan, garinmu ba shi da likitan ƙashi. Asibitin ƙashi na Dala a Kano tun 1959 yake, amma talakan ƙauye da ya karye a tsakiyar damina, da wane kuɗi zai je, wa zai yi masa noma? Mutum ɗari Baba ya tayar, ɗaya ya salwanta. Ashe ba butulci ba ne a bar ɗarin a kama ɗayan?

Na daɗe ina ganin wannan hujja ta kashe bakin kowa. Abin da ya sauya mini tunani, ba a littafin likitanci na same shi ba, a wajen malaman Hadisi na same shi. Suna da wani fanni da suke kira Jarhi da Ta'adili, watau tantance masu ruwaya. Sai ka ga sun zo kan mutumin da ya rasu tun da daɗewa, sun yarda salihi ne, mai tsayuwar dare, amma sun rubuta cewa haddarsa ba ta da ƙarfi, kada a dogara da ruwayarsa. Ba su ɗauki wannan a kan giba ba. Imam Nawawi ma, a cikin Riyadus Salihin, da ya lissafa wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum, ya sa gargaɗin jama'a daga cuta a cikinsu. Dalilinsu kuwa a fili yake: mai ruwaya ya mutu, ruwayarsa ba ta mutu ba.

Haka ɗori yake. Halin Baba ya bi shi kabari, sakamakonsa yana wurin Allah. Amma ɗaurin Baba bai bi shi ba. Ɗori gado ne, babban ɗansa ya riga ya zauna a kan buzunsa, kuma yadda ya ga uban yana ɗaurewa haka zai ɗaure.

Abin takaici shi ne, kuskuren ba wani mai zurfi ba ne. Ƙashi da kansa yake haɗewa. Aikin maɗori, da na likita ma, shi ne a daidaita shi a hana shi motsi. Sai dai gaɓar da ta karye tana kumbura a kwana biyu ko uku na farko. In ɗauri ya matse, kumburi ba shi da wurin zuwa, sai ya danne jijiyoyin jini, nama kuwa in ya rasa jini na 'yan sa'o'i ya fara mutuwa ke nan. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: zafi mai ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su yi sanyi, su mutu, su sauya launi. Da a daren nan an sassauta tsumma, wataƙila da ɗan baffana yana rubutu da dama.

Kada mai karatu ya zaci wannan matsala ta ƙauyenmu ce kaɗai. A ƙananan garuruwan Amurka akwai masu gyaran ƙashin baya da hannu, ana ce da su kairofurakta, kuma jama'arsu na ƙaunarsu kamar yadda muke ƙaunar Baba, don suna taɓa mutum, suna sauraronsa. Wanda ya kafa sana'ar, D. D. Palmer, ya fara ta a garin Davenport na jihar Iowa a 1895, yana da'awar cewa galibin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke. Bincike bai tabbatar da wannan da'awa ba, ko da yake tausar tana sauƙaƙa wa wasu ciwon baya. A wannan shekara ta 1895 ɗin dai, a Jamus, Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hoton nan ba ya tambayar yaro sunan akuyarsu, amma yana ganin abin da yatsan maɗori ba ya gani. Majinyaci kuwa duka biyun yake bukata.

Ni dai inda na tsaya, zaman makoki ba wurin wannan magana ba ne, can shiru shi ne daidai. Amma shirun da ya wuce arba'in, ya bi magaji har kan buzu, ban ga yadda za a kira shi ladabi ba, tunda hannun wani yaro ne zai biya.

Da hutu ya zo na sami magajin a zaure bayan la'asar, ba kowa. Na yi ta kewaye-kewaye, sa'an nan na ce, "Yaya, ina da magana a kan ɗauri, amma ina jin nauyi." Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Can ya ce, "Kai yaro ne lokacin. Baba bai ci tuwo ba kwana biyu da aka dawo da yaron nan. Tun daga ranar, in ya yi ɗori ba ya barci sai ya tashi cikin dare ya taɓa yatsu." Na ce, "To, ya taɓa gaya maka dalili?" Ya ce, "A'a. Ni na ɗauka addu'a yake yi."