HUTU GATA NE KO HAKKI?



A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da sakamakon wani bincike mai tayar da hankali. Sun ce a shekarar 2016 mutum miliyan 488 ne ke aikin awa 55 ko fiye a mako, kuma mutum 745,000 sun mutu ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda wannan. Abin ya fi tsanani a ƙasashen Asiya. Tun 1919 aka yi yarjejeniyar duniya a kan awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Faransa ta rage nata zuwa awa 35 a shekarar 2000, Koriya ta Kudu ta kafa iyaka a awa 52 a 2018.

To, mu sauko gida. Wa ya taɓa ƙirga awoyin manomin Sabon Birni ko na Isa, wanda ke sammako zuwa gonar gero da damina, da rani kuma ya koma fadama noman albasa? Wa ya ƙirga na matarsa, wadda ke fara daka tun asuba, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya? Ga kuma masifar 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, dubbai daga wannan yanki kuma sun tsere zuwa jihar Maraɗi. Akwai ƙauyukan da sai sun biya haraji kafin su yi shuka ko girbi, akwai waɗanda aka tilasta su nome gonakin azzalumai kyauta.

Saboda haka lissafin awoyi kaɗai ba zai gaya mana gaskiya duka ba. Wani kwaɗayi ke hana shi hutu, wani yunwa, wani bakin bindiga. Na farko yana bukatar tuba, na biyu taimako, na uku adalci. Wanda ya ce wa mai yunwa ya huta alhali bai ba shi abinci ba, ba'a yake yi masa.

Mu duba dokar Asabar a Maimaitawar Shari'a 5:12-15. Da maigida ake magana, an kuwa ɗora masa nauyin hutun bawansa, da baiwarsa, da baƙo, har da sa da jaki. Dalilin da aka bayar shi ne Isra'ilawa ma sun taɓa zama bayi a Masar. Ke nan hutu bashi ne a wuyan mai ƙarfi, wanda zai biya marar ƙarfi. A kan wannan tushe Paparoma Leo na 13 ya tsaya a wasiƙarsa ta 1891, haka ma Paparoma Yohana Bulus na 2 a 1981, inda ya koyar cewa darajar mai aiki tana gaba da ribar aikin.

Wani zai ce, "Fada, kasuwa ta yi wuya, in na rufe shago yini guda na yi hasara." Gaskiya ne, ba na raina wannan. Amma 'yan gudun hijirar Gobir sun shigo garuruwanmu, suna karɓar kowane aiki a kowane farashi don ba su da zaɓi. Idan ka zo Misa ranar Lahadi, yaron shagonka kuwa bai ga hutun yini ɗaya ba cikin wata, ka tambayi kanka da guminsa nawa ka sayi ibadarka. Musulmi ne ko Kirista, gajiyar jiki ɗaya ce.

Bari kowane gida ya yi lissafi a makon nan: yarinyar aiki, da direba, da mai gadi, awa nawa suke yi? A ba su ranar hutu, kada a yanke musu ko kwabo.

Allah ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir, manomi ya yi noma ba tsoro, ya kuma yi barci ba fargaba. Amin.