Shin Mu Bar 'Ya'yanmu Mata Su Je Karatu Ƙasar Waje?



'Yar'uwa mai karatu, kwanakin baya wata baiwar Allah ta same ni bayan an tashi Islamiyya a nan Maƙarfi, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malama, ɗiyarki ce za a kai Italiya." Yarinyar ɗalibata ce a da, yanzu tana jami'a a Zariya. An zaɓe ta cikin shirin musayar ɗalibai, za ta yi wata shida a birnin Perugia ta dawo. Mahaifinta ya ce sai abin da uwar ta gani, ita kuwa uwar barci ya ƙaurace mata.

Kada ki yi mata dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mun sha jin labarin 'yan matan ƙasar nan da aka yaudara da alƙawarin aiki ko karatu a Italiya, suka ƙare a hannun masu fataucin mutane. Irin wannan ta'asa ce ta sa gwamnati ta kafa hukumar NAPTIP a 2003. Ga giya da naman alade a cikin abincinsu, ga kaɗaici. Tsoron uwa yana da dalili.

To amma tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, shin nisan wuri ne ke ɓata mutum, ko kuwa yadda ya je da abin da ya tafi da shi?

Bari in ba ki labarin malamai biyu. Na farko shi ne Al-Idrisi. Sarki Roger na Biyu, wanda Kirista ne, ya gayyace shi birnin Palermo a tsibirin Sisili. Ya zauna da addininsa da mutuncinsa, a 1154 ya kammala littafinsa da taswirar duniya, har ƙasar Kanem ya ambata a ciki. Na biyu shi ne Hasan al-Wazzan na birnin Fas. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518 aka kai shi Roma, a 1520 aka yi masa baftisma aka sauya masa suna. Littafinsa da aka buga a Venice a 1550 ya kawo Kano da Katsina da Zazzau ɗinmu. Kin ga, ƙasa ɗaya suka je, kuma duka biyun masu ilmi ne. Ɗaya ya shiga ta ƙofa da darajarsa, ɗayan an kai shi ne a ɗaure ba da zaɓinsa ba.

Saboda haka abu na farko da na ce wa uwar nan, a binciki ƙofar. Mahaifin yarinya ya je jami'ar da ƙafarsa, ya ga takarda, ya san su wa za su tafi tare da ita, ina za ta kwana, wa zai ɗauki nauyinta, yaushe za ta dawo. Duk tafiyar da aka ce a yi shiru kada kowa ya ji, ko dillali ya ce a biya shi daga baya, wallahi ba karatu ba ne. Batun muharrami kuwa ba abin wasa ba ne, malamai sun yi bayani a kai, a je a tambaye su kafin a yanke hukunci. Ni ba mai ba da fatawa ba ce.

Na biyu, a duba guzurinta. Ba kilishi da yaji nake nufi ba. Yarinyar da ba ta sallar asuba sai an buga mata ƙofa, a Samaru ma za ta bar ta, ba sai ta haye teku ba. Wadda kuwa ta san Allah yana ganinta, za ta nemi alƙibla ko a ina ta sauka. Kuma akwai Musulmi a can, babban masallacin Roma tun 1995 aka buɗe shi. Tarbiyyar da ba ta tsayuwa sai da idon uwa a kai, ai da sauran aiki.

Akwai kuma abin da muke mantawa. Mu ne ke kuka in muka je asibiti ba mu sami likita mace ba, mu ne kuma ke riƙe ƙafar yarinya in hanyar ƙaro ilmi ta buɗe. Nana Asma'u ba ta jira mata su taras da ita duka ba, jajis ta tura ƙauyuka suna karantarwa. Ilmi yana buƙatar wadda za ta ɗauko shi ta kawo gida.

Ban ce wa uwar nan ta bar ta ba, ban kuma ce ta hana ba. Cewa na yi su yi bincike, su yi istihara, sannan ta tambayi kanta abin da ta zuba wa yarinyar cikin shekara ashirin. Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, ita ke tashina sallar asuba."

'Yar'uwa, taki ɗiyar tana nan tana girma a gabanki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su a gida da waje, amin.