Likitan Ido da Iyakar Gaibu

A 1905, a garin Olomouc na Jamhuriyar Cek ta yau, Eduard Zirm ya yi dashen koniya na farko da ya kama. Koniya ita ce tantanin nan garai-garai da ke gaban ido. A zamaninsa, likita in ya gama ɗinki sai jira. Yau yana hango makomar dashen tun majiyyaci na kwance a gabansa.

Abin da ya kawo sauyin shi ne na'urar OCT, wadda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a 1991. Da haske take ɗaukar hoton ɓangarorin ido hawa-hawa, kuma yanzu ana haɗa ta da madubin tiyata. A dashen DMEK, wanda Gerrit Melles ya ɓullo da shi a Holan a 2006, tantanin da ake sakawa bai kai kaurin silin gashi ba. Yakan naɗe, yakan ma kife, ido bai lura ba. Hoton ne ke tona wannan. Binciken asibitin Cleveland Clinic ya kuma nuna cewa ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin dashe yana ƙara haɗarin ɓallewarsa daga baya.

To, likitan da ya ce "wannan zai kama, wancan da wuya" ya taka iyakar gaibu ke nan?

Malamai sun daɗe da rarrabe gaibun da Allah Ya keɓanta da saninsa da abin da ya ɓuya wa wani alhali yana nan. Ruwan da ke cikin ido na nan tun kafin a haska shi. Na'ura ta bayyana shi ne kurum. Daga alama likita ke gina zato mai rinjaye, yadda manomi ke karanta hadari. Boka kuwa yanke hukunci yake ba tare da sababi ba, ba kuma abin da zai gyara. Likita in ya ga ruwan sai ya matse shi, in dashe ya kife ya juya shi nan take.

Haɗarin yana ga harshe. Hoto ba ya nuna ko jiki zai ƙi dashen bayan shekara biyu. Don haka wajibin likita ne ya kira hasashe da sunansa, majiyyaci kuma ya riƙe ɗigon maganinsa da ranakun komawa asibiti tare da tawakkalinsa.