Ɗana, Ka Yi wa Aikinka Ƙofa

Ɗana, na ji an ce ka samu aikin da ba sai ka fita ba. Kwamfuta a cinya, waya a gefe, ƙarshen wata albashi ya faɗo asusu. Allah ya sanya albarka. Ban raina wannan sauƙi ba, domin na san abin da ma'aikaci ke sha a cunkoson Nyanya kafin ya shiga Abuja: ya fita yara na barci, ya dawo sun sake yin barci. Tun da korona ta kulle mutane a gida a 2020 kamfanoni suka gane cewa ba kowane aiki ne ke buƙatar kujerar ofis ba. To, gyara zama ka ji.

A zamaninmu ofis yana da ƙofa. Lokacin tashi ya yi, masinja ya kulle, kowa ya kama gabansa, kuma ko gobara ce ta kama fayil sai gobe. Kai naka ofishin yana cikin aljihunka. Yana binka masallaci, yana binka gaisuwar mutuwa, ya kwana a ƙarƙashin matashinka. Oga ya turo saƙon WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya ga alamar ka karanta, shi ke nan ka shiga bashi. Idan ma kamfanin na Amurka ne, abin ya fi haka: New York tana bayanmu da awa biyar ko shida, saboda haka lokacin da suka fara zafin aiki kai la'asar ta kawo jiki. Kada ka ɗauka rakinka ne ya yi yawa. Faransa sai da ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2017, ta wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan lokacin da mutum ke da ikon kashe waya. Ostireliya ta yi irin tata a 2024. Kai kada ka jira majalisa. Tun makon farko ka faɗa wa ogan da ladabi lokacin da kake buɗewa da lokacin da kake rufewa, don abin da ka saba masa da shi a farko shi zai riƙa nema har ka bar aikin.

Sai lissafi. Da can wuta da fanka da intanet duk a wuyan kamfani suke. Yanzu sun dawo wuyanka a ɓoye. An cire tallafin fetur a 2023, an amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a farkon 2025, kai kuwa janareta ba ya jin ba ni da shi. Kafin ka yi murna da albashin, cire man janareta da data da batirin sola, ka ga abin da ya saura. Ka nemi alawus ɗinsu a rubuce, ba kunya a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaici. Wani malamin Jami'ar Stanford, Nicholas Bloom, da abokansa sun yi gwaji na wata tara a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a China. Waɗanda aka bari a gida sun ƙara ƙwazo da kashi 13, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka ajiye aiki. Amma ƙarin girma ya riƙa tsallake su, kuma da aka ba su zaɓi, kusan rabinsu suka koma ofis, da yawa saboda kewar mutane. Wannan bai ba ni mamaki ba. Mu rabin abin da muka iya ba a takarda muka koye shi ba; a bakin mai shayi muka tsince shi, da wajen cin tuwon rana tare da waɗanda suka riga mu. Wanda ba a gani, mantawa ake yi da shi ranar rabo. Kunna kyamararka a taro, ka yi magana a ji muryarka, idan akwai ranar haɗuwa ka wanke ƙafa ka je.

Gida ma da nasa. Tunda an gan ka zaune, kai ne na kai niƙa, kai ne na ɗauko yara daga islamiyya, maƙwabci kuma yana maka kallon mai zaman kashe wando. Kakanninmu ba a banza suka gina zaure ba: maɗinki da malami a nan suke sana'arsu, cikin gida kuwa na iyali ne. Ware wa kwamfutar nan kusurwa guda, ko da tebur ne a bayan labule, kada ta hau gado. Ka zaunar da mahaifiyarka ka yi mata bayanin sa'o'in aikinka, ba da ɗaga murya ba. In an kira magariba ka rufe kwamfutar, ka fito tsakar gida a ci abinci da kai, wayar kuma ka bar ta a caji a ɗaki.